Gwajin Kunnen Baba Haladu

Har yau ban manta da ranar da aka zaunar da ni gaban na'urar gwajin kunne a wurin fasa dutse ba. Ina ba da labarin ne domin ƙannena na makarantar koyon aikin lafiya da za su fita aikin koyo bana, musamman waɗanda za a tura kamfanoni. A aji an koya mana yadda ake yin gwaji tiryan-tiryan. Ba wanda ya gaya mana inda mutum yake nufa bayan ya tashi daga kujerar gwajin.

A shekarata ta ƙarshe, cikin bazara, aka tura ni wani kamfanin fasa dutse da ke gefen hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake: ana huda dutse da inji, a cusa nakiya a ramukan, a busa jiniya kowa ya gudu ya fake, sannan a tashi nakiyar. Duwatsun da suka zube sai a kai su injin niƙa ya mayar da su tsakuwa, tifofi su kwasa. Saboda haɗarin aikin, ƙa'ida ta ce duk shekara a duba lafiyar masu huda da masu nakiya da direbobi. Ana auna jini, a gwada ido, a saurari ƙirji, a gwada kunne. Sakamakon kashi uku ne: ko a ce mutum ya dace da aikinsa, ko a ce a canja masa wuri zuwa aiki marar haɗari, ko kuma a ce bai dace da aiki ba gaba ɗaya.

Ɗakin shan maganin kamfanin wata kwantena ce ta ƙarfe da aka yanka wa ƙofa da taga ɗaya. Shugabana a can shi ne Malam Isyaku, babban jami'in lafiya da ya daɗe a wurin, mutum mai fara'a wanda ba ya son dogon zance. Ni kuwa ko gajeren ma ban iya ba. In babu marar lafiya, ina kusurwa da littafi. Sunana Habibu, amma tun satin farko ma'aikata suka laƙaba mini Likita Shiru, sunan ya bi ni har na gama.

Cikin masu huda akwai wani dattijo, Baba Haladu, mutumin wani ƙauye a yankin Farin Dutse. Gonarsa ta gado tana cikin filin da kamfani ya kewaye da waya, kuma lokacin da aka karɓe ta ne aka ba shi aiki. Yana da ɗaga murya in yana magana, yana kuma kafe mutum da ido a baki. Kullum kusa da shi za ka ga Sabo, mutumin Dingaya, wanda ya girme ni nesa amma bai kai Baba ba. Na lura duk sa'ad da aka busa jiniya sai Sabo ya ɗauki 'yar tsakuwa ya jefi hular kwanon Baba, Baba ya juyo ya yi masa daƙuwa, sannan su ruga tare. Na tambayi wani direba ko me ya sa yake jifan dattijo. Ya yi dariya ya ce, "Taubasai ne, Likita, wasa ne." Na ɗauka wasan ne.

A shekarun baya, gwajin kunne a kamfanin ba shi da wuya. Malam Isyaku yakan zaga bayan mutum ya ce, "Ina gajiya?" In ya amsa "Ba gajiya," shi ke nan, kunne lafiya. Tsofaffin sun san da zarar ya zaga bayansu abin da zai faɗa ke nan. A shekarar da na je ne aka aiko da na'ura daga babban ofis. Kamar ƙaramin akwatin rediyo take. Ana sanya wa mutum abin ji a kunnuwa biyu, mai gwaji ya danna maɓalli, wani siririn sauti ya shiga kunne ɗaya, in mutum ya ji ya ɗaga hannu. A fara da sauti mai ƙarfi, a riƙa ragewa har a kai inda ya daina ji. Duk lokacin da aka danna maɓallin, wata 'yar jar fitila takan kama a saman na'urar.

Malam Isyaku ya juya ta gaba da baya, ya turo mini. "Kai ka karanta ta kwanan nan. Ni zan zauna a gindin bishiyar maina in auna jini."

Da safe na gwada direbobi, ba wata matsala. Bayan azahar aka zo kan masu huda, kuma Baba Haladu ne ya fara shigowa. Ya cire hular kwano ya ajiye a ƙasa, ya zauna a bencin da ke jingine da bangon kwantenar.

"Likita Shiru! Yau dai dole ka yi mini magana."

Na gaishe shi, na bayyana masa yadda za a yi, na sanya masa abin jin. Na danna, ya ɗaga hannu. Na rage, ya ɗaga. Na sake ragewa, ya ɗaga. Na kai har sautin da ni kaina, da ƙuruciyata, sai na riƙe numfashi nake jin sa. Baba ya ɗaga hannu, yana murmushi. Mutumin da ya shafe shekaru rungume da injin huda, a ce kunnensa ya fi na direbobin da na gwada da safe? Abin bai kwanta mini ba. Sai na murɗa sautin na kashe shi gaba ɗaya, na danna maɓallin. Jar fitila ta kama, ba abin da ya shiga kunnensa. Ya ɗaga hannu.

A wannan karon na ji wani ɗan ƙwas a jikin ƙarfen kwantenar. Na leƙa ta taga. Sabo ne a tsaye, ya jingina da bangon daidai bayan Baba, idonsa a kan fitilar, diddigensa a kan ƙarfen. Direbobin safe sun fita sun ba da labarin fitilar, su kuma suka yi shiri. In ta kama Sabo ya buga diddige, Baba ya ji girgizar a gadon bayansa ya ɗaga hannu.

Sabo ya ga na gan shi. Bai gudu ba, ya dai sauke ƙafarsa.

Na juya na'urar ta ba taga baya, na ɗauko kujera na ajiye a tsakiyar ɗaki, na roƙi Baba ya dawo kanta. Ya dube ni, ya dubi kujerar, ya tashi a hankali. Na fara daga farko. Hannunsa yana kan gwiwa bai motsa ba. Na yi ta ƙara sauti har ni da ke gefe nake jin sa yana fita daga abin jin. Can kusa da ƙarshen ƙarfin na'urar ne ya ɗaga hannun hagu, da ƙyar, kamar mai tambaya. Kunnen dama ko hakan bai samu ba.

Na cire masa abin jin, na zauna inda zai ga bakina.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun kafin ka san hanyar makaranta injin nan ke cin kunnena. Kaɗan-kaɗan ya cinye." Wannan karon bai ɗaga murya ba. "Ɗana, ka rubuta abin da Malam Isyaku yake rubutawa."

"To in an busa jiniya ba ka ji ba fa?"

"Sabo yana ji. Kai kana tsammani wasa muke yi? Kowane tsoho a cikinmu yana da mai jifa. Ba a taɓa tashin nakiya ina wurin ba, ko sau ɗaya. Ka tambaya."

Na ce masa ba zan rubuta bai dace da aiki ba. Zan rubuta a canja masa wuri, a kai shi sito ko wani aiki nesa da nakiya, kuma ƙa'ida ta yarda da haka. Na faɗa da iyakar gaskiyata, domin haka na karanta, haka kuma na yi imani. Ya yi wata 'yar dariya, ya ɗauki hularsa.

"Tunda ka zo, ka ga wanda aka canja wa wuri a nan?"

Sauran masu huda duk kunnensu ya yi rauni, amma ba wanda ya wuce iyakar da aka sa sai shi. Da yamma na kai wa Malam Isyaku sakamakon. Ya karanta, ya cire tabarau, ya murza idonsa.

"Habibu, kashi uku a littafi yake. A nan kashi biyu ne: mai aiki da marar aiki."

"Ranka ya daɗe, in wata rana Sabo bai zo aiki ba fa?"

"Sai wani ya jefa. Sun fi mu sanin wannan." Ya mayar da tabarau. "Ba zan ce ka yi ƙarya ba. Na'urar ma ta riƙe abin da ta auna, kuma babban ofis za su gani. Allah ya sa Manaja ya tashi da sauƙin kai."

Ya sa hannu a ƙarƙashin nawa.

Bayan 'yan kwanaki na ji an ce za a sallami Baba ƙarshen wata. Ban taɓa shiga ofishin Manaja ba, amma ranar na shiga. Na shirya maganata tun a hanya, da na tsaya gabansa rabinta ya gudu.

"Yallaɓai, game da Malam Haladu ne. Canjin wuri na rubuta, ba sallama ba."

"Na gani. Zuwa ina?"

"Sito, ko bakin ƙofa."

"Sito akwai mutum. Ƙofa kuwa, kana so in sa kurma gadi?" Bai faɗa da faɗa ba, har murmushi yake yi.

"Yallaɓai, aikin nan ne ya kashe masa kunne."

"Ka gwada kunnensa ranar da ya fara aiki?"

"A'a."

"Wani ya gwada?"

"Ba na jin an gwada."

"To da me za ka ce mu ne? Tsufa ma yana kashe kunne. Mahaifina bai taɓa ganin injin huda ba, amma sai an yi masa ihu." Ya jawo wayarsa. "Ka yi aikinka da kyau, malam. Ka bar mana namu."

Na so in ce masa matoshin kunnen da ake ba ma'aikata sai ranar da za a yi baƙi ake fitowa da su daga sito, in baƙi sun tafi a tattara. Na buɗe baki, ya riga ya fara magana a waya. Na fito.

Sabo yana jirana a inuwar wata tifa. Bai ɗaga murya ba shi ma.

"Likita Shiru. Wata nawa ba ka ce uffan ba, ranar da ka yi magana ka rufe gida guda. Mutum tara ke ci a hannunsa. Gonar da zai koma ga ta can, injin niƙa ne a kanta."

Na ce, "Tsoro na ji kada dutse ya kashe shi."

"Mu ba ma tsoro? Don me nake yawo da tsakuwa a aljihu?"

A bayan wayar da ta kewaye kamfanin, ta gabas, akwai inda ake zubar da duwatsun da injin niƙa ya ƙi. Mata da tsofaffi daga ƙauyukan kusa sukan zauna a wurin da guduma, su farfasa su da hannu, su sayar wa magina a baro. Ba ma'aikatan kowa ba ne. Ba mai ba su hular kwano, ba mai auna musu jini, ba mai tambayar ko suna ji. In an busa jiniya sai su ruga su shige ƙarƙashin wata kwalbati. A can na hango Baba Haladu sati na biyu bayan sallamarsa, zaune a kan buhu, da hular saƙa a kai. Wurin ya fi inda ma'aikata suke fakewa kusa da bakin ramin da ake tashin nakiya.

Na zagaya na same shi. Ya amsa gaisuwata bai daina bugu ba. Kusa da shi akwai wata tsohuwa da ake kira Inna Kande. Na durƙusa na roƙe ta, in an busa jiniya ta riƙa taɓa shi.

Ta ce, "In na tuna, ɗana. Ni ma ƙafar ba ta da kyau, da ƙyar nake kai kaina."

Ta tuna kuwa, sau da yawa na ga tana jan hannun rigarsa. Na koma wurin Malam Isyaku na ce a roƙi mai busa jiniya ya riƙa aika wani ya duba bayan waya kafin a tashi nakiya. Ya kai maganar ga heluma, shugaban leburori. Heluma ya ce iyakarsa waya, abin da ke bayanta ba a lissafinsa yake ba.

Ran da abin ya faru ranar kasuwa ce. Matan duk sun tafi, har da Inna Kande. Galibi ba a tashin nakiya ranar kasuwa, amma an samu masu son tsakuwa da gaggawa, aka ce a tashi. Baba yana can shi kaɗai, ya ba ramin baya. Aka busa jiniya. Sabo ya gaya mini daga baya cewa yana cikin gudu ya ga tsakuwa a tafin hannunsa, bai san lokacin da ya ɗauka ba. A nan ya tuna da Baba, ya juya ya nufi waya yana ihu, mutane suka kama shi suka danne a ƙasa.

Wani gutsuren dutse ya tsallake wayar ya sami Baba a ƙugu. A baro suka kawo shi kwantenarmu, domin nan ne mafi kusa. Maigadi ya so ya hana su shiga, wai ba ma'aikaci ba ne. Malam Isyaku, wanda ban taɓa jin ya daka wa kowa tsawa ba, ya daka masa. Muka tsayar da jini, muka ɗaure ƙafar da katako, wani direba ya ɗauke shi zuwa asibiti a Birnin Kudu ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ƙashin cinya ya karye daga sama. Ya rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba.

Kashegari Manaja da kansa ya zo kwantenar, abin da bai taɓa yi ba. Ya dafa kafaɗata a gaban Malam Isyaku.

"Ka ga amfanin gwaji? Da har yanzu mutumin nan yana cikinmu, da yau muna can muna amsa tambayoyi. Ka cece mu, malam."

Ya rubuta wa makaranta yabo a kaina, irin wanda ba a yi wa kowa a ajinmu ba. Malamin da ke kula da aikin koyo ya karanta shi a gaban ɗalibai, aka tafa mini. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunyata ce ta kullum.

Kafin in bar yankin na je duba Baba a asibiti. Yana hango ni ya ɗaga murya yadda duk ɗakin za su ji.

"Jama'a, ga likitan da ya ce aikina yana da haɗari!"

Masu jinya suka yi dariya, ba su san kan zancen ba. Na zauna a bakin gadon inda zai ga bakina. Ya ci gaba da magana.

"Injinka bai yi ƙarya ba, ɗana. Ba na ji. Amma a ciki ina da Sabo. Da kuka fitar da ni, wa kuka ba ni?"

Har yau ina neman amsar tambayar nan.

Ba ina ce muku ku rubuta ƙarya ba ne. Mutumin da ba ya jin jiniya bai kamata ya tsaya kusa da nakiya ba, ko gobe aka tambaye ni haka zan ce. Abin da na koya shi ne, gwajin nan da aka ce mana don kare ma'aikaci ake yin sa, a wasu wuraren kamfani yake karewa. A yi amfani da mutum har aikin ya cinye masa kunne ko huhu, sannan a kira ɗalibi mai tsabtataccen rubutu ya tabbatar ya lalace, a buɗe masa ƙofa. Saboda haka kafin ku danna maɓallin farko, ku shiga ofis, ko da muryarku tana rawa kamar tawa, ku tambaya wanda ya faɗi ina za a kai shi. Ku matsa a gwada sababbin ɗauka tun ranar farko, domin kada gobe a ce tsufa ne. In kuma kun ga ma'aikata suna wani abu mai kama da wasa, ku tambaya sau biyu. Mutanen nan sun daɗe suna tsare rayukan juna da abin da ke hannunsu, tun kafin a aiko mu.

Kwanakin baya na je Gwaram, na hango Sabo a kasuwa yana cinikin gero. Har yanzu yana huda a kamfanin. Na tsaya a bayansa na yi sallama, bai juyo ba. Na sake yi da ƙarfi, mai geron ya amsa, shi bai juyo ba. Sai da na taɓa kafaɗarsa.

Bana ɗayanku ne zai gwada shi.